Kwanon da Direkta Ya Mayar

Shekarun baya, lokacin ina da suma a ka da ra'ayi a kan kowace magana, aka tura ni koyarwa wani ƙauye a karkarar Tajaye. Ba zan faɗi sunansa ba, don masu labarin da yawa suna raye, jikokinsu kuma suna da waya. Lakwal ɗin, wato makarantar bokon, ɗakin laka ne guda da rumfar kara guda, malamai kuwa mu biyu ne, ni da abokina. Shi ne direkta, wato shugaban makaranta, ni ne sauran ma'aikata gaba ɗaya.

Abokina ɗan Ƙonni ne ta wajen uba, amma a Yamai ya tashi. Hausarsa tsaf take, sai dai irin wadda ake jin ƙamshin littafi a jikinta. Tun muna makarantar horon malamai na san shi da ciwo ɗaya: yana son ya gyara duniya, kuma yana so a gama kafin bakans, wato dogon hutu. Duk abin da aka rubuta a kan adalci da 'yanci ya karanta, ya kuma ɗauka da shi ake. Ni ma na karanta, amma ni ɗan Dogarawa ne. Na karanta su ne yadda ake kallon kokowa, ina yabon masu ƙarfi daga inuwa.

Al'adar garin ita ce baƙo ba ya hura wuta. Maigari ya tsara yadda kowane gida zai riƙa aiko wa malamai kwano, yau wannan gida, gobe wancan. Tuwon hatsi da miyar kuka, wata rana shinkafa da wake, in an yi sa'a a tarar da ɗan ƙashi yana iyo. Makonnin farko mun ci mun gode Allah, har abokina yana cewa ga zumuncin da birni ya manta.

Sai wata rana da yamma wani magidanci ya zo da zabi biyu a rataye. Ɗansa yana ajin ƙarshe, ajin abokina. Ya gaida mu, ya tambayi gajiya, ya tambayi baƙunta, ya tambayi mutanen gida da bai taɓa gani ba. Da zai tashi sai ya tura zabin gaban abokina da ƙafa, ya rage murya, ya kira shi Mushe, yadda ake kiran malamin lakwal da Faransanci.

"Mushe, yaron nan dai. In jarrabawa ta zo, a dube shi da idon rahama."

Abokina ya ɗauki zabin ya saka masa a hannu, ya bi shi da jawabi har bakin hanya. Ni dai na bi zabin da kallo. Da ya dawo, fuskarsa kamar wanda aka mara, sai ya tsaya a gabana ya ɗaga yatsa.

"Wallahi tallahi, ba zan ƙara sa loma daga gidan da ke da ɗa a lakwal ɗin nan ba."

Na ce, "Direkta, ai garin ne ke nan gaba ɗaya. Gidan da ba shi da ɗa a lakwal sai maƙabarta."

"To sai in dafa da kaina."

"Ka iya?"

"Akwai abin da ɗan Adam ba zai koya ba?"

Akwai. Shinkafa. Amma wannan wani labari ne.

Washegari, kamar an shirya, kwano ya faɗo kan gidan wata tsohuwa mai tuyar masa a bakin lakwal. Ba 'yar garin ba ce, aure ya kawo ta daga wajen Illela. Mijin ya rasu, 'ya'yanta sun bi shi ɗaya bayan ɗaya, sai jika mace kaɗai ta rage mata, ita ma a ajin abokina. Tsohuwar tana da kaifin baki, hayaƙin murhu kuma ya jajanta mata ido. Duk wanda ya tashi a ƙauye ya san abin da ake raɗawa a kan mace irin wannan, wadda ta binne kowa ita ta rage. Ba a taɓa faɗi a fili ba. Magana ce da take kwance tana jiran wanda zai taka ta.

Da kanta ta kawo kwanon, da rana tsaka, ta ratsa ta gefen rijiya inda mata ke ɗibar ruwa. Ni ina cikin rumfa ina fama da yara. Abokina ya tare ta a bakin ƙofa, ko murfin bai ɗaga ba.

"Inna, ki yi haƙuri, ki koma da shi."

"Mi yah hwaru, Mushe? Kuka ce ba ka sha?"

"Ba miyar ba ce. Abin da ke cikin kwanon nan ba tuwo kaɗai ba ne, Inna. Ni na san abin da ke biyo bayan irin wannan abinci."

Shi cin hanci yake nufi. Yana nufin kowace loma tana zuwa da roƙo a bayanta. Matan bakin rijiya kuwa ba su karanta littattafansa ba. Abin da suka ji shi ne: mai ilimin boko, wanda ba ya camfi, ya dubi kwanon tsohuwa a rufe ya ga abin da ke ciki. Tsohuwar ta ɗora kwanonta a ka, ta bi ta gabansu da shi yadda ta zo da shi.

Da yamma ya ba ni labari cike da gamsuwa, a taƙaice: ya mayar da kwanon farko cikin ladabi. Bai maimaita mini kalmominsa ba, ni kuma ban tambaya ba.

Sauran kwanonin da suka biyo baya ni nake tarbarsu. Yakan ce in mayar. Ni kuwa mutum ne mai son zaman lafiya, na kuma san mayar da kwano a rufe zagi ne da ba ya buƙatar tafinta. Don haka sai in karɓa, in yi godiya da sunan direkta, in cinye nawa da nasa, in mayar da kwano fes. Na ɗauka diflomasiyya nake yi, har na fara ƙiba a kanta. Shi yana bayan ɗaki yana yaƙi da shinkafarsa, yana zaton gari duka ya san matsayinsa. Abin da gari ya gani kuwa daban: direkta yana lashe kwanon kowa, na mutum ɗaya kaɗai ya ƙi.

A hankali masa ta daina ƙarewa. Yara da ke rububinta lokacin shan iska suka koma zagaye tandar daga nesa. Tsohuwar ta riƙa zama har rana ta take, sannan ta kwashe ta koma da ita. A aji, jikarta ta wayi gari ita kaɗai a benci. Abokina ya lura da bencin, ya yi wa yara darasi mai tsawo a kan 'yan'uwantaka, suka amsa da "Wi, Mushe," suka ƙara matsawa.

A bakin masallaci na ji maganar da sunanta, daga bakin wani da ya ɗauka ina cikin masu sani. Ya maimaita mini kalmomin abokina ɗaya bayan ɗaya, har da yadda ya ƙi taɓa murfin. Na dawo na same shi yana tsince tsakuwa a shinkafa.

Na ce, "Direkta, ka san ka naɗa mayya a garin nan?"

Ya ɗauka wasa nake. Da na warware masa, sai ya ajiye faifan. "Maita? A wannan zamani?"

"Zamani bai iso nan ba tukuna, motarsa ta lalace a Malbaza."

Ya tambaye ni abin yi, na ba shi shawara irin ta masu hankali. Na ce ya bari ta huce. Baƙo ba ya shiga irin wannan magana, ana gama girbi mazan za su tafi cirani, bakin mutane ya koma kan wani abu. Shawarata ba ta da aibu ko kaɗan, in ka cire tsohuwar daga lissafi. Shi kuwa ya ce zai tara iyayen yara ya yi musu bayani, don a ganinsa babu duhun da bayani ba ya korewa.

Bai samu ya tara su ba, suka tara kansu. Ƙarshen damina ne, lokacin zazzaɓi. Ƙaramin ɗan mai zabin nan, wanda bai isa shiga lakwal ba, ya kwanta da zafin jiki har yana sambatu, aka ce a cikin sambatun ya ambaci masa. Yaron da ya ga ana toya masa kullum, in ya yi sambatu me zai ambata, Faransa? Amma ba wanda ya yi wannan tambaya. Bayan la'asar muka ji hayaniya a ƙofar maigari. Muka tarar an kwantar da yaron a tabarma, an kira tsohuwar tana tsaye a tsakiya, ana cewa ta tsallaka shi ta sakar masa kurwa. Kowa ya san me hakan ke nufi. In ta ƙi, ta tabbata muguwa. In ta tsallaka, ta amsa sunan da bakinta, ita da jikarta har abada, don ana cewa abin a nono ake sha.

Tana tsaye ƙyam, ta riƙe bakin zanenta, ba kuka ba roƙo. "Ni ba ni tsallaka ɗan kowa," ta ce. "Nawa huɗu na binne, wa yat tsallaka mini su?"

Abokina ya kutsa tsakiya. Ya yi sallama, ya fara da sauro. Ya bayyana yadda yake cizo, da abin da yake zubawa a jini, da dalilin sambatu. Darasi ne mai kyau, da sufeton makarantu na wurin da ya ba shi maki. Maigari, dattijo mai haƙuri, ya bari ya kai aya.

"Mushe, mun ji karatun sabro, mun gode. Amma wagga magana ba mu munka fara ta ba. Kai kag gani, kai kac ce."

"Ranka ya daɗe, cin hanci nake nufi."

Aka yi dariya, irin wadda ba ta da daɗi. Wani daga baya ya ce, "Tuwon tsohuwa na cin hanci? Mi za ta saya da shi, jirgi?"

Sai mai zabi ya matso, idonsa jawur don kwana biyu bai runtsa ba. Ba mugu ba ne, uba ne da ɗansa ke kwance. "Mushe, ni ban yi lakwal ba, amma ina da tambaya guda. In babu komi cikin tuwonta, don mi kam maishe shi? Na kowa kana ci, kwano na dawowa awa an wanke. Nata ɗai kaƙ ƙiya."

Abokina ya juyo ya dube ni. Ni kuma na gano cewa takalmina yana da abubuwan sha'awa da ban taɓa lura da su ba.

Na ga ya buɗe baki. Na san abin da ke tafe: zai ce bai ci na kowa ba, zai kawo rantsuwarsa, zai bambanta kyauta da toshiya. Gaskiya ce tsantsa, kuma da ya faɗe ta da ya zagi gari duka bai wanke tsohuwar ba. Sai na ga abin da ban taɓa gani ba tun da na san shi. Ya rufe bakin. Ya haɗiye jawabi sukutum, har sai da maƙogwaronsa ya motsa. Ya juya wajen tsohuwar.

"Inna, akwai sauran tuwo a gida?"

Ta dube shi daga sama har ƙasa. "Wanda kam maido? Awaki sun cinye, kuma ga su nan da ransu."

"Na yau nake tambaya."

"Na jiya ne, ko ɗumamawa ban yi ba."

"A kawo mini shi haka nan."

"A kawo maka?" Ta gyara tsayuwa. "Da ƙahwata nik kai maka, gaban mutane kam maido ni. In kana so, ka taka da taka."

Ya ce, "Gaskiyarki." Ya cire hularsa ya riƙe a hannu, ya bi bayanta. Taro ya bi bayansa, don ba a barin irin wannan kallo. A ƙofar gidanta ya zauna a ƙasa, da wandonsa na direkta mai kari. Ta fito da kwanon, wancan dai kwanon, ta dangwarar a gabansa. Ya ɗaga murfin da kansa. Tuwo ya sandare, miyar kuka ta yi fata a sama. Ya yi bisimilla da ƙarfi yadda na baya za su ji, ya yanko loma ta manoma ya kai baki. Ya ƙara. Ya nemi ruwa, ta ɗebo masa daga randarta, ya shanye ya miƙa moɗa a ƙaro.

Ba ka jin komai sai taunarsa. Can ya ɗago ya nemo ni a cikin mutane.

"Mushe, bisimilla."

Zan faɗa muku gaskiya, don shekaru sun ba ni izini. Ina da takardar shaidar malanta, na karanta abin da ya karanta, na san sauro ciki da waje. Amma a ƙarƙashin duk wannan akwai tatsuniyoyin kakata suna zaune da ransu, kuma a wannan lokacin suka yi gyaran murya. Sai na tuna cewa na ci tuwon kowane gida a garin ninki biyu, ba zai kyautu in fara kunya a nan ba. Na tsuguna na sa hannu. Ko a sandare, tuwonta ya fi na gidan maigari, amma wannan ban faɗa a wurin ba.

Abokina bai tsaya nan ba. Ya ɗaga kwanon da hannu biyu ya nufi maigari. "Ranka ya daɗe, a sa mana albarka." Dattijon ya dubi kwano, ya dubi jama'arsa. Ƙin karɓa hukunci ne, karɓa ma hukunci ne, kuma ya san da haka. Ya yi murmushin wanda yaro ya kayar a dara, ya gutsuri kaɗan ya ci.

"Gishiri ya ji," in ji shi.

Daga nan taron ya fara sulalewa, kowa ya tuna yana da abin yi. Abokina ya wanke hannu ya je wajen mai zabi, wannan karon ba jawabi. Ya nuna babur ɗinsa ya ce, "Baba, ga moto. Ka riƙe shi a baya, mu kai shi likita kafin rana ta faɗi." Mutumin ya sunkuya ya ɗauki ɗansa.

Yaron ya warke. Wasu suka ce allura ce. Wasu suka ce tsohuwa ce ta ji daɗin an ci tuwonta ta sake shi. Akwai gidajen da ba su ƙara sayen masarta ba har muka bar garin. Amma yara sun koma bakin tanda, don direkta da kansa yakan tsaya can kowace safiya yana ci a tsaye, jikarta kuma ta samu abokan benci. Rantsuwar da ya karya ya kai wa liman, liman ya ce kaffara. Haka abokina ya zama mutumin farko da na sani wanda ya ci tuwo ya biya da azumi.

Kada ku ɗauka ya sauka daga kan aƙidarsa. Ya koma cin kwanon kowa, amma da aka yi jarrabawa jikar tsohuwa ta kwaso sifili a dikte, wato shifta, da jan biro, babu ragi. Washegari tsohuwar ta tare shi a bakin tanda, yara na ji.

"Mushe, ka ci tuwona, ka sha ruwan randata, ka ba jikata ƙwai?"

"Inna, tuwonki goma bisa goma ne. Dikte ce ba ta ci ba."

Ta ƙyalƙyale da dariya har tana share ido da bakin zane. "Ja'irin yaro. To riƙe," ta ce, ta ƙara masa masa biyu a kan wadda ya saya.

Na daɗe ina juya wannan labari, kuma yau ba ni da shakka a kan abin da na gani. Son gyaran duniya kamar takin zamani yake. In ka zuba shi a gindin shuka ba ka duba ba, ita zai fara ƙonewa, kuma kullum mafi rauni a gonar ce ke fara bushewa. Abokina ya ga cin hanci a cikin kwano, bai ga matar da ke ɗauke da kwanon ba, bai ga matan bakin rijiya ba. Mai zabi, wanda ya jawo rantsuwar, ko ƙwarzane bai samu daga gare ta ba. A kan tsohuwa ta sauka.

Amma duk wanda zai ɗauki wannan ya ce maganin shi ne a zama irina, bai saurari labarin ba. Irina ba ma mayar da kwano, gaskiya ne. Ba ma kuma bin tsohuwa zuwa ƙofarta gari na kallo. Ran nan a ƙofar maigari masu hankali sun cika wurin, kowa da dalilinsa mai kyau na yin shiru, ni ma da nawa a aljihu. Taurin kan da ya jefa ta a rami shi ne dai ya fito da ita, ba wani sabon hali ya aro ba. Abin da ya ƙaru da shi ɗaya ne: ya gane rantsuwarsa don mutane aka yi ta, ba mutane don ita ba.

Tsohuwar ta rasu da daɗewa, a ɗakinta, da sunanta na yanka. Abokina yanzu babba ne a buro, wato ofis, furfura ta cika masa kai, kuma har gobe in ka kai masa zabo da roƙo a baya za ka dawo da zabonka da jawabi kyauta. Kwanakin baya na kai masa ziyara, muna zaune aka yi sallama, wata maƙwabciya ta aiko da kwano. Na zuba ido in ga abin da shekaru suka yi.

Bai tambayi daga ina ba, bai tambayi don me ba. Ya miƙa hannu biyu ya karɓa, ya ɗaga murfin tun ɗan aiken bai juya ba.